Littattafan Nasiru da Na Ƙona

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Nasiru a Illela, kuma har yau idan wayata ta yi zafi a aljihu sai gabana ya faɗi.

Mu gidanmu albasa muka sani, mu loda ta mu tsallaka da ita Konni. Nasiru kaɗai ya bi boko har ƙasar waje, yana bincike kan maganaɗisu. Na sha tsokanarsa cewa ya ƙetare teku don abin da yara ke cirowa daga tsohuwar rediyo. Sai ya yi dariya, ya ce a cikin ɗan maganaɗisun da bai kai kaurin gashi ba akwai ƙwayoyi masu juyawa, kowace ta taɓa maƙwabciyarta, kamar iska a gonar gero. Da wannan kaɗawar za a iya aika saƙo a cikin na'ura ba tare da ta ɗau zafi ba. Matsalar, kaɗawar tana mutuwa a hanya. Aikinsa shi ne ƙara mata ƙarfi kafin ta mutu.

Ya zo hutu, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar ya cika. Ya bar littattafai uku cike da lissafi, kuma a saman kowane shafi ya rubuta Bisimilla da Larabci, yadda aka koya mana tun muna yara. Inna ta buɗe ɗaya ta ce, "Sunan Allah na ciki. Kak ka bari a naɗe ƙosai da su." Na yi abin da ake yi wa irin wannan takarda, na ƙona su a filin da ke bayan gidanmu.

Bayan wata biyu abokin aikinsa ya kira. Ya ce Nasiru ya faɗa masa ya gano hanyar, tana cikin littafi na uku. Na ce zan duba. Duk shekara yana kira, duk shekara ina cewa ina dubawa.

Yanzu kowane direba a tasha da waya biyu, duk suna zafi. Me Nasiru zai ce? Zai yi fushi da ni, ko zai zauna ya sake rubutawa? Na kasa tsayawa kan amsa ɗaya, kuma abin yana cin raina.

Abin da ya rage nasa shi ne bayanin nan da na haddace, da abokin aikin nan nasa, mutum ɗaya da bai fid da rai ba. Malam, idan jaridar nan ta iso gare ka, ka daina jira. Babu littafin. Ni na ƙona shi, da alwalata.