Ranar da Dutse Ya Motsa a Ƙarƙashin Ummaru

Shekara talatin da biyu Ummaru ya yi yana haƙa rijiya, tun daga Magajiya inda aka haife shi har ƙauyukan gindin Dutsen Zuma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. In ka tambaye shi abin da ke cikin ƙasa, da yatsu zai lissafa maka: jar ƙasa, marmara, yumɓu, tsakuwa mai laima, sai dutse. Daga dutse kuma magana ta ƙare. Haka mahaifinsa ya koya masa. Bango na iya zubowa, yashi na iya cin amanarka, amma in ƙafarka ta taka dutse, to ka taka abin da ba ya motsi.

Wata bazara yana haƙa wa Malama Rifkatu rijiya a Madalla. Malamar sakandare ce, labarin ƙasa take koyarwa. Gidan matsattse ne, taku uku kacal tsakanin ramin da bangon ɗakin 'ya'yanta. Fidelis, abokin aikinsa na shekara goma sha biyar, shi ke sama yana jan guga.

Ran Talata da hantsi, a gaba goma sha ɗaya, diga ta yi ƙara a kan dutse. Ummaru ya miƙe yana share gumi. Sai dutsen ya yi rawa. Ba wata rawa mai yawa ba, kamar yadda gada ke yi in tirela ta hau. Ƙasa ta zubo masa a wuya, ya ji wani gurnani yana tasowa ta tafin ƙafarsa. Bai san yadda aka yi ya fito ba.

"Oga, masu fasa dutse ne suka sa nakiya," in ji Fidelis. "Ko kuwa tsufa ne, gwiwa ta fara kaɗawa?"

"Nakiya ta gefe take zuwa. Wannan daga ƙasa ya zo."

Da Malama ta dawo ta same shi zaune a kan bulo, ko ruwa bai sha ba. Ta ce su ma tagogin ajinsu sun kaɗa. Ta shiga ciki ta ɗauko dafaffen ƙwai, ta ƙwanƙwasa shi a bango har ɓawon ya tsattsage.

"Baba, dutsen da kake takawa kamar ɓawon nan yake. A ƙarƙashinsa akwai wani dutsen mai tsananin zafi da ke motsi a hankali. Ɓawon kuma ɓangare-ɓangare ne, suna matsawa kamar yadda farce ke tsiro. Mu muna tsakiyar ɓangare, nesa da baki. Tsofaffin tsagu ne kawai kan ɗan motsa jefi-jefi."

"Yaushe za su sake?"

"Wannan kam ba wanda ya sani."

Hankalinsa ta so ta kwantar, sai ga shi ta tafi da ɗan abin da ya dogara da shi.

Kwana uku bai shiga ramin ba. Yakan zo, ya leƙa, ya koma kan bulo. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta bayan Zuma, ga rami ba a sa masa zoben siminti ba. In ruwan farko ya sauka, bakin zai zube ya ja bangon ɗakin yara. Cikewa ma ba hali, maƙwabta sun kwashe ƙasar sun yi ciko. Malama ta kira wasu mahaƙa biyu, suka leƙa suka girgiza kai. A wajensu ba a shiga ramin da wani ya fara. Wanda ya sassaƙe bango shi ya san inda ya yi laushi, kuma daidai tsawon ƙafarsa ya yanka matakai.

Ran Asabar iska ta fara ƙamshin ruwa. Fidelis ya tuɓe riga.

"To ni zan shiga."

"Kai da ko ramin doya ba ka iya ba?"

"Shekara sha biyar ina kallon ƙeyarka daga sama, ai na koyi wani abu."

Ya zura doguwar ƙafarsa yana lalube, ya wuce matakin farko, ya daki bango. Wani guntun ƙasa ya ɓalle, aka daɗe kafin a ji faɗuwarsa. Ummaru ya damƙo hannunsa.

"Fito, raƙumi, za ka rushe min aiki!"

Ya ɗauki igiya ya ɗaura a ƙugu, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙa wa Fidelis ɗaya bakin. Ya yi bisimilla ya sauka, mataki bayan mataki, hasken sama yana ƙanƙancewa. Da ya kai ƙasa sai ya tsaya a matakin ƙarshe, ya taɓa dutsen da babban yatsa tukuna. Sanyi ƙalau, shiru. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya jira, ya sauke ɗayar. Sai ya ƙwala kira.

"Fidelis!"

"Oga?"

"Yi ta magana."

"In ce me?"

"Ko ma mene ne. Kada dai ka yi shiru."

Fidelis ya fara ba shi labarin akuyar surukarsa da ta cinye masa takardar asibiti. Ummaru ya daidaita gindin ramin, ya ɗaga kai ya ce a sauko da zoben farko.