Hukuncin Burtalin Sukukutane

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata, sha biyu ga Yuni 1956, waya ta iso Dogon Dutsi daga Yamai cewa Malam Inusa Gado ya cika bayan zazzaɓin kwana uku. Malam, ni Umaru, magatakardanka na shekara goma sha ɗaya, ni aka miƙa wa takardar in karanta wa jama'a. Na kasa kai ƙarshenta.

Malam, a gindin tsamiya ka fara shari'a a Matankari. Ka zama alƙali a tiribinal na Dogon Dutsi, ƙasarmu ta Arewa ta tura ka majalisa, har ka zauna a babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai. Amma ba ka taɓa yanke rikicin ƙasa daga kan kujera ba. Sai ka tuɓe takalmi ka taka iyakar da ƙafarka, ka sa a dasa gamba, ni ina biye ina gunaguni saboda ƙarangiya. Kakan yi dariya ka ce, "Umaru, ƙasa ba ta zuwa tiribinal, mu ka zuwa wurinta."

Haka ka yi a bazarar nan da burtalin Sukukutane, hanya ɗaya tak da shanun Manu makiyayi ke bi zuwa rijiya. Ka taka shi, manoma suka yarda, aka dasa gamba. Ka ce in rubuta hukuncin a ranar ka sa hannu. Na ce na gaji, a bari sai ka dawo daga Yamai, ai maganarka ta fi hatimi. Ka dube ni, ka kama hanyar Yamai.

Shekaranjiya ruwan farko ya sauka. Manoma suka tumɓuke gamba, suka shuka hatsi a burtalin, tafkuna kuwa ba su kama ruwa ba tukuna. Da aka kai ƙara, Kumandan, Baturen mulki, ya ce shi takarda ya sani. Manu ya yini a ƙofata, bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, "Malam Umaru, shanu ba su sha ba." In ya ratsa shuka da su, jini zai zuba. Tsoro nake ji, Malam, kuma ban san wanda zan kai wa kuka ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba uwargida Mariama, da 'ya'yanka Jibo da Ramatu, haƙurin rashinka. Na rubuta hukuncin yanzu, wurin sa hannunka na nan fari. Gobe zan tuɓe takalmi in kai shi Sukukutane. Allah ya sa akwai mai jin kunyar sawunka.