Ruwan Baƙi a Gidan Inna Kulu

Bazara ce, an gama cire albasa, kuma a bana ta yi kuɗi. Ko'ina ka bi a Aliero warinta ne da fara'ar mutane. Ni dai hankalina yana can wani ƙauye a ƙasar Sarandosa, inda ɗiyata Hadiza ke aure. Lokacin yaye ɗanta Aliyu ya yi. Wansa ma a wurin yaye ya rasu, gudawa da amai suka tafi da shi. Shi ya sa na ƙudura in je in ɗauko wannan, in yaye shi a ɗakina.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanwar maigidana, da sabon zanen goyo a jakata. Motar da muka samu rabinta mutane, rabinta buhunan albasa, har abokiyar tafiyata ta ce ko ba mu yi miya ba yau mun ƙoshi. A tashar Jega muka karya da waina da soyayyen kifi. Kuɗin mota ya hau, ruwan leda ma ya hau, mai sanyi kuwa sai ka yi shawara da aljihunka. Daga Maiyama muka hau kabu-kabu. Hanyar yashi ce, ina riƙe da ƙarfen baya ina salati, mai babur yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya zuba yashin.

Da muka kusa gari na duba wajen tafkin da na saba ganin 'yan mata jere da bokitai. Shanu kawai na gani. Mai babur ya nuna mini wani ɗan ɗaki a bakin gari, da tanki a sama da faifan hasken rana. Ya ce injin tace ruwa ne, matan garin ke kula da shi, jarka guda ba ta kai kuɗin ledar ruwa biyu a Jega ba. Na sa ya tsaya. Wata bazawara ce ke buɗe famfo, ta ce da aikin nan take ciyar da marayunta. A gefe wata na sayar da zoɓo da kunun zaƙi, ta ce yanzu har malaman makaranta na saye, da can ƙyamar ruwan suke yi. 'Yan matan tafki kuwa suna aji.

Surukar Hadiza, Inna Kulu, ta tarbe mu da murna. Aka shimfiɗa tabarma, ta shiga ɗaki da kanta ta fito da ruwa a kwanon sha mai murfi, garau kamar hawaye. Na ɗaga zan kai baki ke nan sai na hangi angon nawa Aliyu, ya dafa randar tsakar gida, wata yayarsa na ba shi ruwa a moɗa. Ruwan ja-ja ne, na rijiyar bayan gari.

Na tambayi Hadiza a hankali. Ta sunkuyar da kai ta ce ana sayen ruwan inji, amma Inna na kulle shi a ɗakinta saboda baƙi da maigida. A ganinta abin da aka saya da kuɗi na fita kunya ne, yara kuwa ba su san bambanci ba.

Ban ga laifinta ba, haka muka taso, mai kyau na baƙo ne. Kuma tsohuwar nan a hannunta wancan yaron ya cika, ba zan so in taɓa mata ciwon ba. Sai na mayar da murfin kwanon na ajiye, muka ci gaba da gaisawa. Ta lura.

"Mutanen Aliero, mi ya hana ki sha? Ko ruwan namu bai yi miki ba?"

"Ya yi, Inna. Ai mace ba ta riga mijinta sha. Ga angona can yana shan na randa, ni ma shi za a ɗebo mini."

Ta ce subhanallahi, ta yaya za ta ba baƙuwa wannan ruwan, ai sai ya ɓata mini ciki. Ni dai na dubi Aliyu da moɗarsa. Ita ma ta tsaya tana kallon randar, tana kallon yaron. Can ta share ido da bakin mayafi, ta miƙa hannu ta ce a kawo mata shi. Da kwanon baƙin ta shayar da shi, sannan ta miƙo mini saura.

Kafin la'asar an kwashe ruwan randar an ba tumaki, an wanke ta, an juye jarkar ɗaki a ciki. Da mijin Hadiza ya dawo daga gona, uwarsa ta ce daga yau kullum a sayo. Ya ce ai ko kuɗin allura guda da ya biya a Maiyama bara ya fi na ruwan wata.

Da na kawo maganar ɗaukar Aliyu, Inna Kulu ta ce, "Ki bar mini shi, uwar ɗiya. Wanga karon na san abin da zan ba shi."

Na dubi Hadiza, ta gyaɗa kai. Na bar wa Inna shi, har da zanen goyon.

Mun iso Aliero gab da magariba, bayana babu goyo, amma zuciyata a kwance. Abin da na gano a tafiyar nan, kawo ruwa mai tsabta gari aiki ne babba, amma sai ya sauka a randar da yara ke sha ake cin amfaninsa.

Washegari da safe na shiga kasuwa na sayi ɗan kofi mai murfi. Na zauna na rubuta ALIYU a jikinsa da fenti, da rubutuna na yaƙi da jahilci, na kai wa wani direban Maiyama da ya san ƙauyen. Na ce ya gaya wa Inna wannan ba na baƙi ba ne.