Hoton Gada da Waken Baba

Har yau idan na shiga shagon ƙanena a Dutse na ga hoton nan a bango sai raina ya ɓaci. Ya san haka sarai, amma ya ƙi cire shi. Fuskar gada ce ta cika takardar: ido baƙi ƙirin, hanci a jiƙe, baƙin zane daga hanci zuwa goshi, da ɗan tukkun gashi a tsakanin kunnuwa. Duk wanda ya zo ɗaukar hoto sai ya tsaya ya yaba, ni kuwa sai in juya masa baya in zauna.

Gonar Baba tana ƙauyenmu, can wajen Buji, a gindin wani dutse da ya tsage biyu, da kuka a gefensa. A ƙasarmu duk wanda ya ga tsagaggen dutsen nan ya san inda yake. A sarƙaƙiyar da ke bayansa gada take zaune, ita kaɗai. Namun daji sun daɗe da ƙarewa a wajenmu, 'yan farauta da karnukansu sun share komai, har zomo sai an sha wuya. Wannan ɗaya dai ta tsira, kuma bakin Baba ne ya tsirar da ita, don bai taɓa buɗe shi ba.

Duk damina yakan shuka kunya biyu na wake a bakin sarƙaƙiyar, ya bar mata. Idan maƙwabcin gona ya ce masa an yi wa waken nan ɓarna, sai Baba ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauko zancen taki. Mu 'yan gida kawai muka sani, kuma ya ja mana kunne cewa ko a mafarki kada mu ambace ta.

Ƙanena mai ɗaukar hoton biki ne. Da ya sayi babbar kyamara mai dogon baki sai ya ce ya gaji da fuskokin amare. Ya yi ta roƙon Baba har ya yarda, ya je ya yi kwana huɗu yana laɓewa a cikin dawa da sassafe, sauro na cinsa. Da ya samu abin da yake so, sai ya ɗora hoton fuskar nan a zauren waya na 'yan garinmu, bai rubuta komai a ƙasa ba.

To, ni malamar makaranta ce, kuma bakina ba ya ajiye magana. Gyaran aikin mutane shi ne sana'ata, har ya zame mini ciwo. Ina zaune a gidana a unguwar Limawa na ga mutane suna ta zuba masa yabo, sai abin ya tsaya mini a wuya. Na rubuta cewa wannan ai hoton fasfo ne aka yi wa gada. Ina ƙafafun? Ina dajin? Dabba ba ta da ƙasa, ba ta da sama, sai ido kamar za ta faɗo wa mutum a cinya. Na ce mai hoton ƙwarai yakan ja da baya ya nuna dabba a mazauninta, wannan kuwa ko a gidan zu za a ɗauke shi ta tsakanin waya. Wallahi dariya nake yi ina rubutawa.

Mutane kuwa suka samu abin yi. Wani ya ce Malama ta kama shi. Wani abokinsa ya ce ya faɗi gaskiya, nawa ya biya kuɗin shiga gidan zun? Wani ya ce ma saukowa da shi ya yi daga intanet. Aka wuni ana tsokanarsa, ni kuma ina jin daɗi, an ce na iya magana.

Bayan la'asar ya ɗora hoto na biyu. Ga gada tsaye da ƙafafunta huɗu a cikin wake, ga kuka, ga tsagaggen dutse a bayanta ɓaro-ɓaro. Na kira shi ina masifa, na ce ya goge yanzu-yanzu, ashe ba shi da hankali?

“Yaya, ba ke kika ce in ja da baya ba?” in ji shi. “Da gangan na matso. Sharaɗin da Baba ya kafa mini ke nan, kada a ga inda take.”

Ya goge, amma me aka yi? Mutum nawa suka riga suka ajiye shi a wayoyinsu suka tura gaba? Kwana biyu ba a yi ba wata ƙawata ta turo mini shi daga wani zauren daban, wai in ga abin sha'awa a ƙasarmu.

Da aka kawar da amfanin gona 'yan farauta suka zo. Ban gani da idona ba, Inna ce ta ba ni labari. Mota biyu shaƙe da samari da karnuka da gorori, ba su ma tsaya tambayar hanya ba, suka nufi dutsen kai tsaye. Baba ya fita da sandarsa, tsoho mai ciwon gwiwa, yana roƙonsu. Suka ce masa daji ba na kowa ba ne. Suka sa wa sarƙaƙiyar wuta ta gefe guda, karnuka suka jira ta ɗaya gefen. Kafin azahar sun tafi da ita a bayan mota. Naman da ba zai ishi mutum goma ba!

Na ji haushinsu, har yanzu ina ji, ƙartin banza masu ƙona daji saboda tsoka guda. Na ji haushin masu tura duk abin da ya shigo wayarsu ba tunani. Na ji haushin ƙanena, mutum da gemunsa, a ce tsokanar wuni ɗaya ta sa ya karya alkawarin ubansa. Wata uku ba na amsa gaisuwarsa da kyau. Amma duk inda na kai haushin nan sai ya dawo mini gida. Na san zancen gadar, na san dokar Baba, na kuma san halin ƙanena ba ya jure dariya. Na ga hoto mai kyau na rasa abin faɗa, shi ne na nemo masa aibi don a ce na fi shi sani.

Baba bai ce mini uffan ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Da kaka ta zagayo ya zo Dutse ganin likita, ya sauka a gidana. Ya kwance wani ɗan buhu ya ajiye a gabana. Wake ne, fari tas, manyan ƙwayoyi. Na yi godiya, na ce bana wake ya yi kyau.

“Na kunyoyin nan biyu ne,” in ji shi. “Na shuka kamar kullum. Bana babu wanda ya taɓa ko ganye ɗaya.”

Ya ce in dafa wa yara. Buhun yana nan a kicin ɗina har ƙwari suka cinye shi, ban iya ɗibar ko gwangwani ɗaya ba.