Kwaɗin Cikin Akwatin Wuta

A Ƙanƙara, in ka ce Zailani mai wuta, kafin a nuna maka shagonsa sai an yi murmushi. Mutumin Sheme ne. Mahaifinsa ya so ya riƙe gona, shi kuwa tun yana ƙarami rediyon gidan yake kwancewa. Ya koyi aikin wuta a Funtua, ya dawo ya buɗe shago bakin hanya, yana jan waya a sababbin gidaje, yana gyaran famfon burtsatse da sola har ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Aibinsa ɗaya, dariya. In ta kama shi sai ya ajiye filaya ya zauna ƙasa. Matarsa Suwaibatu kan ce ko ta'aziyya za shi sai ta ja mashi kunne.

Wata damina Alhaji Maharazu, dillalin masara, ya gina wurin taro a bayan gari, ya sa aka haƙa mashi wurin iyo a tsakiya, irin wanda ya gani a otal a Abuja. Mutanen gari suka sa mashi suna kududdufin Alhaji. Ba kududdufi ba ne kawai: akwai akwati jikin bango mai ɗan allo, shi ke kunna famfon tace ruwa, shi ke kunna fitilun ƙarƙashin ruwa, shi ke tada bututan da ke feshi sama. Wani Yahuza ne ya zo daga Kaduna ya haɗa, ya koma. Ana gobe buɗewa, akwatin ya ƙi. A kunna, allo ya yi haske, sai ƙas, komai ya mutu.

Alhaji ya aika aka ɗauko Zailani a mota.

"Malam Zailani, ka taɓa gyara irin wannan?"

"Alhaji, ko ganin irinshi ban taɓa yi ba," in ji Zailani, yana leƙen ruwan shuɗi, bakinsa har kunne. "Wai duk wannan don wanka kawai?"

Ya fara daga inda ya sani. Ya auna wutar da ke shigowa daga inbata da mita, ta cika. Ya ɗaga bureka, makunnin da ke katse wuta in da matsala, ta faɗi. Sai ya kira Yahuza a waya, hoto da murya, ya haska mashi cikin akwatin. Yahuza ya nuna mashi wayar da ke zuwa famfo, da ta fitilu, da ta feshi. Zailani ya kashe wuta gaba ɗaya, ya cire su duka, ya riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Famfon tacewa ya tashi lafiya. Fitilu suka kama. Yana mayar da ta feshi, ƙas!

"To, ga mai laifi," in ji Yahuza. "Wuta na zurarewa ƙasa ta wannan layin. Bi shi ka gani."

Zailani ya sake kashe komai, ya bi layin da rarrafe a gefen ruwa har ya kai wani ɗan murfi a cikin ciyawa. Ya sa sukundireba ya ɗaga. Ramin haɗin waya ne, ruwan sama ya cika shi, wayoyin na jiƙe sharkaf. Kuma kan wayoyin ga kwaɗi zaune, ƙato ɗaya da ƙanana, suna kallonsa. Ƙaton ya yi tsalle ya dira a ƙirjinsa.

Zailani ya kwanta rigingine a ciyawa yana dariya har da hawaye. Salular na hannunsa, Yahuza na ta kira daga Kaduna: "Lafiya? Wuta ta ja ka?"

"Ba wuta ba ce! 'Yan haya ne! Alhaji, zo ka ga waɗanda suka riga ka buɗe wurin!"

Alhaji ya zo ya leƙa, ya yi salati, shi ma dariya ta ƙwace mashi.

Zailani ya kwashe ruwan, ya yanke wayoyin da suka ci tsatsa, ya ɗaga haɗin daga ƙasa ya mayar da shi cikin rufaffen akwati a jikin bango. Da ya koma babban akwatin sai ya lura allon na ƙyaftawa duk lokacin da famfo ya tashi. Ya duba kusoshin ɗaya ɗaya, ya sami wata ta yi sako-sako, bakin wayar ya yi baƙi. Ya feƙe, ya ɗaure tam. Allo ya tsaya cak. Amma kashewa da kunnawar da aka sha yi ta goge tsarin lokutan da Yahuza ya sa. Suka fara mayarwa tare, sai sabis ya ɗauke.

Washegari da la'asar baƙi suka cika wurin, abokan kasuwar Alhaji daga Daudawa da Pauwa, kowa cikin shadda mai sitaci. Aka yi addu'a. Alhaji ya tsaya bakin ruwa cikin farar babbar riga, ya ɗaga hannu.

"Malam Zailani, bismillah. A hankali dai."

Zailani ya danna abin da yake zaton na hankali ne. Bututan nan duka suka tashi lokaci guda, ruwa ya yi sama ya fi rufin ɗakin taro, iska ta kwaso shi ta juye kan Alhaji da sahun gaba. Huluna suka jiƙe. Wani dattijo ya ruga da kujera a ka. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai zubar ruwa, da wata ƙara kamar ta tayar da ke sacewa: Zailani ne ya toshe baki da hannu biyu.

Alhaji ya dubi rigarsa, ya dubi jama'a. Sai ya cire hula ya miƙa wa na kusa da shi.

"Ruwan nan ba wuta cikinshi ko?"

"Ko ɗigo, Alhaji. Na auna da safe."

Alhaji ya tattare babbar riga, ya taka matakala ya shiga har ƙugu. Wuri ya kaure da ihu. Abokansa biyu suka tuɓe takalma suka bi shi. Zailani na durƙushe gaban akwati yana neman madannin kashewa, hawaye sun hana shi ganin allon.

"Kar ka kashe!" Alhaji ya ƙwala daga cikin ruwa. "Ƙara mashi!"

Da sabis ya dawo, Yahuza ya ce a gyara tsarin feshin ya koma daidai. Alhaji ya ce a gyara komai, ban da wannan madannin. Tun daga nan Zailani ke zuwa duk Alhamis ya duba akwatin, kuma duk angon da aka kawo wurin, abokansa kan lallaɓo su tambaye shi wanne ne za su danna.