Tozon Kaka

A shekarun tashin hankali gidanmu na Gamboru ya cika da 'yan uwa daga ƙauye, tukunya kuwa ba ta ƙaru ba. Da an idar da magariba, Kaka Falmata, mahaifiyar babana, takan zauna gefen murhu, mu jikoki mu zagaye ta. Mace ce mai jiki, tabarma guda tata ce ita kaɗai. Ni ce 'yar lelenta, ga baki ga ci.

"Ku matso, yau ta Raƙumi ce," in ji ta, da Hausarta ta Barebari.

Wai Barewa ta yi ta yi wa Raƙumi dariyar tozonsa, sai fari ya zo, ciyawa ta ƙare. Barewa ta kwanta, Raƙumi na ta tafiya abinsa. Ta ce, me kake ci? Ya ce, guzurina a bayana yake. Ya goya ta, tozon na ta raguwa, har suka kai ga ruwa.

In ta gama sai ta turo mini kwanon burabuskonta. "Ci, ni ma ina da tozo." Babba dama yakan rage wa yaro, don haka ban taɓa lura ko loma ba ta yi ba. Wata rana na toshe hanci a gaban kowa, na ce bakinta na warin ruɓaɓɓen mangwaro. Yara suka fashe da dariya. Ita ma ta dara, amma daga ranar da mayafi a baki take yi mana tatsuniya.

Sai da na girma, a makarantar koyon jinya, malaminmu ya warware mini. In abinci ya yanke, sukarin da hanta ta ajiye ya ƙare, jiki sai ya koma kan kitse. Ya farfasa shi, jini ya kai wa tsoka, ta ƙona shi ta sami ƙarfi. Wani kason kuma, hanta ke sarrafa wa ƙwaƙwalwa, shi ke fita a numfashi da warin 'ya'yan itacen da suka wuce nuna. In yunwa ta daɗe, jiki har namansa yake ci.

Kunya ta rufe ni, na kasa rubutu. Kaka ta daɗe da rasuwa. Na kira Mama na tambaye ta ko sun sani.

"Duk mun sani," in ji ta. "Ranar nan babanki har bulala ya ɗauko. Ita ta riƙe hannunsa, wai in kin yi kuka ba za ki iya cin abinci ba."