Lauyan da Mota ta Bari a Argungu

A tashar Argungu na ga wani mutum cikin baƙar kwat ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Farin ƙyallen lauyoyi a wuya, wayoyi biyu a hannu. A ɗaya yana faɗa da Turanci kan albasar da aka tsare a iyakar Nijar, a ɗayar yana umartar ɗalibinsa ya sake rubuta babi na uku. 'Yan kamasho kuwa, da ya taɓa shugabanta, har yanzu Ciyaman suke kiransa. Ina jin ko abinci a tsaye yake ci.

Motar Birnin Kebbi saura mutum ɗaya. Ya sa ƙafa ke nan, yana cewa kotu ƙarfe goma, sai wani tsoho mai taɓon fadama a ƙafa ya ce, "Munzali, wanga gudu naka, yaushe za ka zamna?"

Sai ya durƙusa har ƙasa, da kwat ɗinsa. "Kawu, ina gajiya? Ya shinkafa?"

Wayoyin na ta ruri. Direba ya gaji da jira, ya ɗauki wani ya tafi. Lauyan ko waiwayawa bai yi ba, don ba su kai ga gaisuwar iyali ba tukuna.